Neman Asalin Kakanninmu da Suka Sauka Ikko Kafin Yunwar Kakalaba

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai taɓo wata magana da ke yawan tasowa a majalisun Agege da Idi-Araba da Obalende, musamman wajen ɗaurin aure ko zaman makoki, watau maganar yaushe gidan wane ya zo Ikko. Ka tambayi matashi, sai ya ce maka, "Ai mu tun kaka da kakanni muke nan." In ka ce wane kakan, daga wane gari, a zamanin wane sarki, sai ka ga ya shiga sosa ƙeya.

Abin kuwa ba na wasa ba ne. Yaron da aka haifa a Agege, aka haifi ubansa da kakansa a nan, ranar da zai nemi makaranta ko aikin gwamnati sai an ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. A nan a ce masa baƙo ne, in ya tafi Arewa a ce ba a san gidansu ba. Haka kuma duk lokacin da fitina ta tashi, kamar ta Ketu a 1999 ko ta Idi-Araba a 2002, kalmar da akan fara jefo mana ita ce jiya-jiya muka zo. To wanda bai san ranar zuwansa ba, da me zai ba da amsa? Daɗin daɗawa, dattawan da suka ga waɗanda suka yi tafiyar da ƙafa sun kusa ƙarewa.

Me ya sa aka yi iyaka da Kakalaba?

Abubuwa biyu ne suka raba tarihin zuwanmu Kurmi gida biyu, kuma a jere suka auku. Na farko shi ne jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa hanyar dogo daga Ikko a 1896, ta ratsa ta Agege da Abekuta, ta isa Badun a 1901. Dogon da ya taso daga Baro ya shiga Kano a 1911, a 1912 kuma aka fara jigila tsakanin Ikko da Kano, ko da yake a Jebba sai an haye Kwara da jirgin fito, don ba a gama gada ba sai bayan 'yan shekaru. Tafiyar da fatake ke share watanni suna yi da jakuna sai ta koma ta 'yan kwanaki.

Na biyu shi ne yunwa. Damina ta ƙi a 1913, zuwa 1914 rumbuna sun ƙare, aka shiga yunwar da Kanawa ke kira Kakalaba, wadda ta ci ƙasar Kano da Katsina da Daura har zuwa Damagaram. Mutane da yawa sun mutu, wasu kuma suka bar garuruwansu suka nufo kudu neman abinci. Daga nan ne zuwa Kurmi ya zama ruwan dare, kowa ya sami kuɗin tikiti sai ya hau. Unguwar Sabo ta Badun ma a 1916 aka kafa ta.

Wanda kakansa ya zo bayan wannan lokaci, aikinsa da sauƙi. Galibi ana tuna sunan garin, akan sami dangi a can, wataƙila ma ba a daina zumunci ba. Wahalar tana ga wanda kakansa ya riga jirgi zuwa, domin mutanen wancan zamani sun zo ne ɗaiɗai, ba tikiti, ba takardar haraji, kuma da yawansu ba su sake ganin gida ba. Su ne abin maganarmu a yau.

Hanyoyi uku da aka biyo

Kafin mutum ya fara bincike, ya kamata ya san cewa Hausawan farko a Ikko ta hanyoyi uku suka zo, kuma kowace hanya da irin sawun da ta bari.

Hanya ta farko ita ce bauta, ko da yake ba kowa ke son jin haka ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun sa an kama mutane masu yawa, aka gangaro da su ƙasar Nufe da ƙasar Oyo. Yawan bayi 'yan Arewa a Oyo ya kai har Afonja na Ilori ya kira su suka mara masa baya a boren da ya yi a 1817. Wasu a nan ƙasar Yarbawa suka tsaya, suna kiwon dawaki da shanu, suna aski da igiya da saƙa. Wasu kuwa aka kai su bakin teku, domin a farkon ƙarni na 19 Ikko na cikin manyan tashoshin da ake lodin bayi zuwa Brazil. A jihar Bahiya ta can, Hausawa sun yi bore a 1807 da 1809 da 1814, sa'an nan suna cikin babban boren Musulmi na watan azumin 1835. Bayan wannan bore ne mutane da dama suka komo gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda a Ikko ake kira Aguda. Waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku kuwa Saliyo aka kai su, in sun komo a kira su Saro. Saboda haka akwai gidajen da yau ake ɗauka na Aguda ne ko na Saro zalla, alhali tushensu Kano ne ko Katsina ko Zazzau.

Hanya ta biyu ita ce aikin soja. Ingila ta karɓe Ikko daga hannun Oba Dosunmu a 1861. Wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover, wanda jirginsu ya fashe kusa da Jebba a 1857 har ya biyo ƙasa zuwa Ikko, shi ya riƙe mulkin garin daga 1863 zuwa 1872. A 1863 ya tara wata 'yar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga gare ta ne Rundunar Sojan Nijeriya ke ƙirga shekarunta har yau. Da yawa daga cikin waɗannan sojoji bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Sun yi yaƙin Ikorodu a 1865, sun je yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, sun kuma yi yaƙin Ijebu a 1892. Tsofaffin sojojin nan da iyalansu suna cikin waɗanda suka fara zama a Obalende. Sai dai a lura, a bakin Bature duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa to Bahaushe ne, ko da Banufe ne ko Babarbare ko Bafillace. Don haka ganin an rubuta mutum a cikin rundunar Hausawa bai isa hujjar ƙabilarsa ba.

Hanya ta uku ita ce fatauci da almajiranci. Tun a 1830 Bature Lander ya tarar da malamai Hausawa a Badagry. Amma babban abin da ya jawo fatake shi ne goro. A da, ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari Gwanja suke zuwa, su yi awo a kasuwar Salaga. Da Turawa suka ci Kumasi a 1874 sai kasuwar ta fara ja da baya, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa ta. Daga nan fatake suka gano hanyar ruwa: a sayi goro a gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana, a zuba a jirgi zuwa Ikko, sa'an nan a haura da shi Arewa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Bayan haka ne manoman Agege da Ota, waɗanda suka fara da koko, suka shiga dasa irin goron da mutanenmu ke so. Shi ya sa Yarbawa ke kiran nasu na asali abata, wannan kuwa su ce gbanja, watau goron Gwanja. Goro ga shi a gona, tashar jirgi ga ta kusa, da haka Zangon Agege ya cika ya batse.

A fara daga cikin gida

Mai neman asali kada ya fara da ofis. Ya fara da tsofaffin gidansu, kuma ya fi ba mata ƙarfi, don su ne ke riƙe da lissafin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Ka je da goronka, ka zauna, ka kunna rakoda ko wayar hannu bayan ka nemi izini. Kada ka ce, "Inna, a wace shekara Malam ya zo?" Ba za ka sami amsa ba. Ka ce, "Inna, da ƙafa aka ce ya zo ko a jirgi? A gidan wa ya sauka? Me yake sayarwa? Wa ya ba shi mata?" Sunan maigidan da ya sauke shi yana da muhimmanci ƙwarai, domin a al'adar zango baƙo wurin ɗan garinsu yake sauka, kuma sau da yawa zuriyar maigidan sun fi ku sanin daga inda kakanku ya fito.

Sa'an nan akwai alamomin da ba a faɗa da baki. Wane irin zane ne a fuskarsa, bille ne ko zube? Tsofaffin wanzamai suna iya bambance askar Gobirawa da ta Kabawa da ta Katsinawa. Da su wa yake wasan taubasantaka? In an ce kullum yana tsokanar Zagezagi, to a duba wajen Kano. In da Barebari yake wasa, a duba wajen Fulani. In kuwa Yarbawa ya mayar abokan wasansa, ana iya zaton Bagobiri ne. Yaya yake magana, yana cewa "shina" da "mi kac ce" irin na Sakkwatawa? Wace sana'a ce ta gado a gidan, fawa ko ƙira ko dukanci ko jima? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ba ta isa hujja ita kaɗai ba, amma in uku suka nuna wuri guda, to an kama hanya.

Kada a manta da gafaka da tsohon adaka. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen takardun karatu, fatake kuma sukan rubuta bashi da ajami. Takardar rabon gado, wasiƙa daga gida, hatimin wani alƙali, duk a ɗauki hotonsu kafin gara ko damshin Ikko su cinye. In an yi sa'a aka sami lambar yabo ta soja, a duba gefenta da kyau, domin Turawan Ingila sukan zana sunan soja da lambarsa da rundunarsa a jikin bakinta.

Yadda ake ɗaure labari da shekara

Mutanen da ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Aikin mai bincike shi ne ya san shekarun abubuwan. Annobar shanu da ta karkashe garken Fulani ta auku wajen 1890 zuwa 1891. Rabe ya ci Kukawa a 1893. Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta fara a 1893 ta ƙare a 1895. Turawa sun shiga Kano a watan Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a watan Maris. Tauraruwa mai wutsiya ta fito a 1910. An haɗe Kudu da Arewa a 1914, shekarar da aka fara yaƙin Jamus. Murar nan mai kisa ta sauka Ikko a watan Satumbar 1918, annobar ɓeraye kuma ta fara a 1924.

A nan sai a yi hattara da kalmar yunwa. In tsohuwa ta ce, "Shekarar yunwa ya zo," a tambaye ta wacce, domin bayan Kakalaba an yi 'Yar Buhu a 1927, an kuma yi 'Yar Gusau a 1942. In aka rikita su, sai a ƙara wa gida har kusan shekara talatin ko a rage masa.

Akwai kuma ɗan lissafi mai sauƙi da ke hana mutum ruɗin kansa. A bar wajen shekara 30 zuwa 35 tsakanin uba da ɗa. Alal misali, wanda aka haifa a 1960, ana sa ran haihuwar ubansa wajen 1925, ta kakansa wajen 1890. Irin wannan kakan yana iya zuwa Ikko da ƙafa yana saurayi, amma ba zai yiwu ya yi yaƙin Asante na 1874 ba. In gidan sun dage cewa an yi yaƙin da su, to uban kakan ne, ko kuwa an tsallake suna guda a cikin jerin, abin da ke yawan faruwa in jika ya ci sunan kaka.

Inda takardu suke

Bayan an gama da gida, sai a nufi ma'ajiyar takardu. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da babban reshe a cikin Jami'ar Badun, an kafa ta a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, tana kuma da rassa a Kaduna da Inugu. Mutumin Agege ya sani cewa a zamanin Turawa garinmu ƙarƙashin gundumar Ikeja yake, kuma kafin a ƙirƙiro Jihar Legas a 1967 yana cikin Jihar Yamma ne. Don haka fayilolin da suka shafi zango da kasuwa da naɗin Sarkin Hausawa da ƙorafe-ƙorafen 'yan goro a Badun za a neme su. Irin waɗannan takardun ƙorafi suna da amfani, domin a ƙarshensu akan jera sunayen waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala yatsa.

In an riga an gano garin asali, sai a juya Kaduna, inda fayilolin lardunan Kano da Sakkwato da Zariya suke, har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi lokacin tsara haraji, masu ɗauke da tarihin ƙauyuka da sunayen masu sarauta. Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano su ma wuraren zuwa ne.

Ga waɗanda kakanninsu suka zauna a tsibirin Ikko, akwai takardun mallakar fili da gwamnatin Turawa ta fara bayarwa tun shekarun 1860, da kuma littattafan shari'a na tsohuwar babbar kotu, inda mai ba da shaida kan faɗi sunansa da garinsu da yadda aka yi ya zo. Da irin waɗannan ne Kristin Mann ta rubuta littafinta na 2007 a kan bauta a Ikko. Ƙidayar da aka yi ta nuna mutanen garin wajen dubu 25 ne a 1866, suka haura dubu 73 a 1911, amma rahotannin ƙidaya adadi suke bayarwa, ba su kawo suna.

A ƙasashen waje kuwa, ma'ajiyar gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan tana da wasiƙun gwamnonin Ikko da kundin sojojin da aka ba lambobin yabo, takardun Glover kuma suna ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij. Rajistar bayin da aka 'yanta a Firitawun tun daga 1808 tana ɗauke da suna da kimanin shekaru da tsayi da zanen fuska, kuma an sa sunayen a intanet a shafin SlaveVoyages. 'Ya'yanmu da ke karatu a waje suna iya taimakawa da wannan.

Tarkon suna

Duk wanda zai buɗe takardun Turawa sai ya koyi yadda akawu ke murɗe suna. Kalmar Hausa kanta Houssa suke rubutawa. Audu ya zama Awudu, Garba ya zama Garuba, Muhammadu ya zama Momo ko Momodu, Ibrahim ya zama Braimah ko Buraimo, Abubakar ya zama Bakare ko Bukari. Yarbawa kuma Gambari suke kiranmu, Banufe su ce Tapa, kamar dai Oshodi Tapa, shahararren jarumin Oba Kosoko wanda ya rasu a 1868.

Sunan gari da ake liƙa wa mutum shi ma yana yaudara. Wanda aka rubuta da Kano a ƙarshen sunansa, mai yiwuwa ne daga Bebeji ko Kura ko Rano ya fito, ko ma Kano ce kawai babbar kasuwar da ya baro. Kuma masu suna Audu Kano a runduna guda suna iya kai goma. Saboda haka kada mutum ya ga suna ya yi tsalle ya ce ga kakana. Sai lamba, ko sana'a, ko sunan unguwa, ko sunan maigida ya dace da abin da aka ji a gida.

Abin da za a iya tararwa

Wajibi ne mu faɗa wa juna gaskiya. Wanda ya shiga wannan bincike yana iya tarar da cewa kakan da ake cewa madugu ne, ɗan dako ne a cikin ayari, ko kuwa bawa ne da ya gudo ya shiga soja. Yana iya tarar da cewa kakarsa ta farko Bayarbiya ce ko Banufiya ko 'yar Egun, domin mazan farko ba su zo da mata ba. Babu abin kunya a nan. Mutumin da aka kamo yana yaro, ya ƙwaci kansa, ya kafa gida a bakin teku har jikokinsa suka cika unguwa, ya cancanci a san sunansa a yi masa addu'a. Amma kowa ya tsaya a kan gidansu. Abin da ka gano game da gidan maƙwabci amana ne, ba abin gori ba ne ranar faɗa.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a sami matasa masu karatun boko da na ajami, a raba musu unguwanni, su bi dattawa gida-gida da izinin masu unguwa da fadar Sarkin Hausawa. Duk abin da aka ɗauka a yi masa kwafi uku, ɗaya a gidan, ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a kai wata jami'a. Wanda ya ga yadda aka ƙone ginin Babbar Kotun Igbosere a watan Oktoban 2020 ya san takarda guda a wuri guda ba ta da tabbas. A fara da waɗanda suka haura shekara 80, kuma a fara a wannan watan, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Duk mai wata tsohuwar takarda ko lambar soja ko labarin da ya ji daga bakin kakarsa, ƙofar wannan fili a buɗe take. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.